Layin Ƙofar Turai: Abin da Ya Raba Makomar Ƙasashen da Suka Fito Daga Gurguzu

Tsakanin Bilniyus, babban birnin Lituweniya, da Minsk, babban birnin Belarus, tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba. Kano zuwa Kaduna ta fi ta nisa. Kafin rushewar Tarayyar Sobiyet, biranen biyu kuɗi ɗaya suke kashewa, jam'iyya ɗaya ke mulkinsu, umarni kuma daga Mosko yake zuwa. Yau Lituweniya tana cikin Tarayyar Turai da ƙungiyar tsaro ta NATO, yuro take kashewa, kuma an sha sauya gwamnati ta akwatin zaɓe har abin ya daina zama labari. Belarus kuwa tun 1994 shugaba ɗaya ta sani, Alexander Lukashenko, kuma hukumar leƙen asirinta ko suna ba ta sake ba, har yau KGB ake kiranta. Da aka murƙushe masu zanga-zangar zaɓen 2020, madugar 'yan adawa, Svetlana Tikhanovskaya, Bilniyus ta gudu ta fake.

Ƙasashe kusan 30 ne suka fito daga ƙarƙashin mulkin gurguzu a Turai ta Gabas da tsohuwar Sobiyet, kuma kusan a lokaci guda suka fito. A watan Yunin 1989 ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ta cinye kujeru 99 cikin 100 na majalisar dattawan Polan. Ranar 9 ga Nuwamba Katangar Balin ta faɗi. Kafin shekarar ta ƙare, Vaclav Havel, marubucin da aka sha ɗaurewa, ya zama shugaban Cekosulobakiya, a Romaniya kuma aka harbe Nicolae Ceausescu da matarsa ranar Kirsimeti. Bayan shekara biyu, a Disambar 1991, ita kanta Tarayyar Sobiyet ta tarwatse gida 15. Dukkansu sun rubuta sabon tsarin mulki ko sun gyara tsohon, sun yi zaɓe, sun yi alkawarin dimokuraɗiyya. To me ya sa wasu suka riƙe alkawarin, wasu suka koma gidan jiya, wasu kuma har yau suna tsaka mai wuya?

Amsar da na fi gamsuwa da ita ta dogara ne ga tambaya guda: wace ƙofa kowace ƙasa ta tarar a gabanta, kuma mai ƙofar da gaske yake zai buɗe ko kuwa?

Rushewar gurguzu ta tafi da kasuwa da garkuwa baki ɗaya. Ƙungiyar ciniki ta Comecon, wadda ke tsara wa zai ƙera motar bas, wa zai sayi man Rasha a farashin 'yan'uwa, an rufe ta a watan Yunin 1991. Ƙawancen soja na Waso ya bi ta ranar 1 ga Yuli. Masana'antar da ta yi shekara arba'in tana sayar wa maƙwabta kaya da umarnin gwamnati ta wayi gari babu mai saye. A Polan, shirin ministan kuɗi Leszek Balcerowicz ya saki farashi a watan Janairun 1990, talaka ya ji a jikinsa, rashin aikin yi da a da ba a san shi a takarda ba ya zama ruwan dare. A irin wannan hali ne Havel da Lech Walesa na Polan da Jozsef Antall na Hangari suka haɗu a garin Visegrad a Fabrairun 1991, inda sarakunan ƙasashensu suka taɓa taruwa a 1335. Ba wata tarayya ta kansu suka je kafawa ba. Sun je ne su haɗa kai su ƙwanƙwasa ƙofar Yamma tare, domin taken siyasar wancan lokaci shi ne "komawa Turai".

Turai ba ta yi gaggawar amsawa ba. Sai a watan Yunin 1993, a taron Kofanhegin, ta fito fili ta ce ƙasashen nan za su iya shiga, amma da sharaɗi uku. Sai ƙasa ta kafa hukumomin da ke tsare dimokuraɗiyya da doka da haƙƙin ɗan Adam da na tsirarun ƙabilu. Sai tana da kasuwar da ke tafiya da kanta, wadda za ta iya gogayya da na Jamus da Faransa. Sai kuma ta iya ɗaukar dukkan dokokin Tarayyar ta mai da su nata. Wannan na ukun shi ne jan aiki: shafi kusan 80,000, an kasa shi babi 31, tun daga tsaftar mayanka har zuwa yadda ake ba da kwangila. Kowace shekara Hukumar Turai, wato hukumar zartarwa ta Tarayyar, tana fitar da rahoto a kan kowace ƙasa, kamar malami yana rarraba sakamakon jarrabawa a gaban iyaye, jaridun cikin gida kuma su baza shi a shafin farko.

Duk wanda ya taɓa ganin mai neman aure ya san yadda wannan ke aiki. Tun daga ranar da aka kai gaisuwa har zuwa ɗaurin aure, mutum ya zama na kirki: yana gaida surukai a durƙushe, yana biyan bashi, ba a jin kansa da kowa. Dangin yarinya ba duka suke yi ba, ba kuma kotu suke kai shi ba. Abin da ke hannunsu kawai shi ne za su iya cewa a dakata.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Sulobakiya. Bayan rabuwarta da Cek ranar 1 ga Janairun 1993, firaminista Vladimir Meciar ya kama hanyar da ta yi kama da ta Lukashenko. Kamfanonin gwamnati ana sayar wa na kusa da shi a arha, gidan talbijin na ƙasa ya zama bakinsa, tsirarun 'yan ƙabilar Hangari ana matsa musu. A 1995 aka sace ɗan shugaban ƙasa Michal Kovac, wanda ba sa ga-maciji da Meciar, aka tsallaka da shi Ostiriya aka yar. Zargi ya faɗa kan hukumar leƙen asirin ƙasar, kuma a 1998 Meciar ya yi wa masu hannu a ciki afuwa. A 1997 sakamako ya fito. NATO ta gayyaci Polan da Cek da Hangari, ta tsallake Sulobakiya. Hukumar Turai ta duba ƙasashe goma, ta ce Sulobakiya ce kaɗai ta faɗi a sharaɗin siyasa, kuma a taron Luksambog na watan Disamba ba a sa ta cikin waɗanda za a fara tattaunawa da su ba. Ka yi tunanin mutumin Biratislaba, babban birnin Sulobakiya, yana kallon Cek, da suke ƙasa ɗaya shekara biyar da suka wuce, ta shige ta bar shi a waje. A zaɓen Satumbar 1998 kashi 84 cikin ɗari na masu rajista suka fito. Jam'iyyar Meciar ce ta zo ta ɗaya da ƙyar, amma ta rasa wanda zai haɗa gwamnati da ita. Masu ra'ayin riƙau da 'yan tsohuwar jam'iyyar gurguzu da jam'iyyar 'yan ƙabilar Hangari, waɗanda in ba don wannan ba ko ga-maciji ba za su yi ba, suka haɗu ƙarƙashin Mikulas Dzurinda. A 1999 aka sa Sulobakiya a layi, ta kuwa cim ma maƙwabtanta.

Abin lura a nan shi ne ba Turai ce ta tuɓe Meciar ba. Masu zaɓe ne suka yi. Abin da Turai ta yi shi ne ta sa wa mulkin kama-karya farashin da kowa zai iya gani da idonsa, ta kuma bai wa 'yan adawa magana guda da za su taru a kanta. Haka aka yi a Latbiya, inda matsin lamba ya sa aka sassauta dokar zama ɗan ƙasa ga masu jin Rashanci ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a 1998. Haka aka yi a Kuroshiya, inda aka ɗage fara tattaunawa a watan Maris na 2005 saboda ba a miƙa Janar Ante Gotovina ga kotun laifukan yaƙi ta Heg ba, alhali a gida gwarzo ake ɗaukarsa. Kafin shekarar ta ƙare an kama shi a tsibiran Kanari. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, amma wannan wani zance ne.

Ranar 1 ga Mayun 2004 ƙasashe goma suka shiga Tarayyar Turai, takwas daga cikinsu tsofaffin 'yan gurguzu: Polan, Cek, Sulobakiya, Hangari, Sulobeniya, Istoniya, Latbiya da Lituweniya. Bulgeriya da Romaniya suka biyo a 2007, Kuroshiya a 2013.

Akwai masu cewa an cika yabon Turai, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Polan da Cek ba su jira sharaɗin Kofanhegin ba kafin su kama hanya. Suna da cocin da ya tsaya wa gwamnati, da ƙungiyoyin adawa da suka yi shekaru suna aiki a ɓoye, da tunawa da zamanin da suka taɓa mulkin kansu. Ƙasashen Baltik uku, Istoniya da Latbiya da Lituweniya, sun jera mutum kusan miliyan biyu hannu da hannu a kan hanyar da ta haura kilomita 600 a watan Agustan 1989, tun Sobiyet tana da rai. Mongoliya ma tana nan, matse tsakanin Rasha da Sin, babu wata ƙofar Turai da ke jiranta, amma tun 1990 take zaɓe ana sauya gwamnati. Ke nan ƙofar ba ita ke haifar da dimokuraɗiyya ba. Inda ta yi tasiri shi ne ƙasashen da ke kan siraɗi, irin su Sulobakiya da Romaniya da Bulgeriya da Kuroshiya, inda ɗan tura kaɗan zai iya karkata ma'auni.

Sai kuma aka ɗaura aure.

Viktor Orban na Hangari yana saurayi ɗan shekara 26 ya yi suna, ranar da ya tsaya a dandalin Budafes a watan Yunin 1989 ya nemi sojojin Sobiyet su bar ƙasarsa. Shi ne a 2010 jam'iyyarsa ta Fidesz ta samu kashi 53 na ƙuri'a, wanda tsarin zaɓe ya mayar mata da kashi biyu bisa uku na kujerun majalisa, adadin da ake buƙata a sake tsarin mulki. Ya kuwa sake shi, sabon ya fara aiki a Janairun 2012. Aka rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, wanda ya share ɗaruruwansu a tashi ɗaya. Aka rage kujerun majalisa daga 386 zuwa 199, aka sake shata mazaɓu. A 2018 kafofin yaɗa labarai fiye da 400 suka koma ƙarƙashin gidauniya guda mai goyon bayan gwamnati. Ba a yi juyin mulki ba, ba a hana zaɓe ba, ba a cika kurkuku da 'yan jarida ba. Komai da doka aka yi shi, ta hannun majalisar da jama'a suka zaɓa, kuma ya sake cin zaɓe a 2014 da 2018 da 2022. A wani jawabi na 2014 ya faɗa da bakinsa cewa ƙasar da yake ginawa ba mai bin tafarkin sassaucin ra'ayi irin na Yamma ba ce.

A nan Birasel, hedikwatar Tarayyar Turai, ta gane ba ta da sanda. Sashe na 7 na yarjejeniyar Tarayyar ya ba da damar ƙwace wa ƙasa ƙuri'arta, amma kafin a kai can sai duk sauran ƙasashe sun amince. Da jam'iyyar PiS ta Jaroslaw Kaczynski ta hau mulki a Polan a 2015 ta fara taɓa kotuna, sai aka samu biyu masu laifi ɗaya, kowanne yana tsare bayan ɗan'uwansa. An ɗaga sashen a kan Polan a 2017, a kan Hangari a 2018, babu wanda ya kai ko'ina. Korar ƙasa kuwa babu ita a cikin yarjejeniyar sam. Abin da ya fi muni, kuɗin raya ƙasa da Tarayyar ke zubawa ya ci gaba da kwarara ta hannun gwamnatocin da ake kuka da su, su ke ba da kwangilar, su ke yanke kintinkirin buɗe hanyar. Sai da aka koma wa aljihu sannan aka fara jin motsi. Kotun Turai ta ci Polan tarar yuro miliyan ɗaya a kowace rana a Oktobar 2021, kuma a Disambar 2022 aka riƙe wa Hangari yuro biliyan 6.3. Duk da haka, a Polan ma masu zaɓe ne suka raba gardama: a Oktobar 2023 kashi 74 suka fito, adadin da ba a taɓa gani ba tun faɗuwar gurguzu, madugun adawa Donald Tusk ya dawo kujerar firaminista. Gyaran kotunan da aka lalata kuwa ya zama ɗinkin rigar da aka yayyaga da gangan, domin sa hannun shugaban ƙasa ake buƙata, kuma a 2025 ɗan takarar da PiS ta mara wa baya, Karol Nawrocki, shi ya ci kujerar.

Mai karatu a wannan yanki namu zai ji wannan matsala ba baƙuwa ba ce. Guguwar 1989 ta iso har maƙwabta: a Disambar shekarar Mathieu Kerekou na Benin ya ajiye aƙidar Markisanci, aka yi taron ƙasa a Fabrairun 1990, Nijar ta yi nata a 1991. Amma ECOWAS tun 1975 ta riga ta tattara kowa, sharaɗin dimokuraɗiyya sai a 2001 aka rubuta shi. Ba ta taɓa samun layin masu jira a ƙofa ba, sai takunkumi ga wanda ke ciki, kuma an ga iyakar takunkumin da Mali da Burkina Faso da Nijar suka fice a Janairun 2025.

Akwai wani kuɗin shiga da ba a rubuta a babi 31 ɗin ba. Polan ta ci riba ƙwarai: abin da ɗan ƙasarta ke samu, in an auna da ƙarfin saye, ya tashi daga kusan rabin matsakaicin na Tarayyar a 2004 zuwa kusan kashi 80 bayan shekara ashirin. Amma ƙofar da kaya ke shiga ita mutane ke fita. Birtaniya da Ailan da Suwidin sun buɗe kasuwar aikinsu tun ranar farko, matasa suka kwashi jaka. Bulgeriya tana da mutum kusan miliyan 9 a ƙarshen zamanin gurguzu, ƙidayar 2021 ta samu miliyan 6.5. Latbiya ta sauko daga sama da miliyan 2.6 zuwa ƙasa da miliyan 2. Ƙarancin haihuwa yana ciki, amma ƙaura ma ta taka babbar rawa. Likita da injiniya da ma'aikaciyar jinya, waɗanda za su fi ɗaga murya in gwamnati ta karkace, suna Landan ko Munik. Ƙauyen da aka bar wa tsofaffi kuma shi ne wurin da ɗan siyasa mai cewa "Birasel ta raina mu" ya fi samun masu tafi.

A yammacin Balkan labarin ya juye. Bayan yaƙe-yaƙen Yugosulabiya, da kisan Musulmi maza da yara fiye da 8,000 a Srebrenica a Yulin 1995, Turai ta yi wa ƙasashen yankin alkawari a Tasalonika a 2003 cewa makomarsu tana cikin Tarayyar. Kuroshiya kaɗai ta shiga. Masedoniya ta zama 'yar takara tun 2005, Girka ta tare ta saboda sunanta ɗaya da wani yankin Girka. Ta haƙura ta sake sunanta zuwa Masedoniya ta Arewa a 2019, abin da ba ƙaramar sadaukarwa ba ce ga kowace ƙasa. Faransa ta tare ta a shekarar. Da aka wuce nan, Bulgeriya ta tare ta a 2020 a kan tarihi da harshe. Firaministan da ya ɗauki kasadar sake sunan ya sauka daga baya, jam'iyyarsa ta sha kaye a 2024. Wane darasi ɗan siyasar Sabiya ko Bosniya zai ɗauka daga wannan? An gaji da gafara sa, ba a ga ƙaho ba. Shugaba Aleksandar Vucic na Sabiya ya iya wannan rawa: tattaunawa a buɗe tun 2014, hulɗa da Mosko da Beijin tana tafiya, riƙon cikin gida yana ƙara tsauri, Turai kuma tana kau da kai muddin babu harbi a iyakar Kosobo.

Can gabas kuwa an yi haɗin kai, amma na wani iri. Ƙungiyar CIS ta tsofaffin ƙasashen Sobiyet da aka kafa a Disambar 1991 ba ta tambayar kowa yadda yake zaɓe. Da ma waɗanda suka zauna a teburin yawancinsu sakatarorin jam'iyyar gurguzu ne da suka sake hula: Nursultan Nazarbayev a Kazakistan har 2019, Islam Karimov a Uzbekistan har mutuwarsa a 2016, Saparmurat Niyazov a Turkumenistan har 2006. A Azarbaijan Heydar Aliyev ya miƙa wa ɗansa a 2003. Rasha da kanta ta nuna hanya a Oktobar 1993, da shugaba Boris Yeltsin ya sa tankoki suka yi wa ginin majalisa luguden wuta, Yamma kuma ta mara masa baya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Masu sa ido na CIS sukan wanke zaɓen da na ƙungiyar tsaro da haɗin kai ta Turai, OSCE, suka kushe, dokar yi wa ƙungiyoyin sa kai rajista a matsayin "wakilan ƙetare" da Rasha ta kafa a 2012 ta zama abin kwaikwayo, kuma da tarzoma ta ɓarke a Kazakistan a Janairun 2022, sojojin ƙawancen CSTO da Rasha ke jagoranta ne suka sauka don tsare gwamnati. Tarayyar Tattalin Arzikin Yureshiya da ta fara aiki a 2015 tana ba da iskar gas mai rahusa da damar ci-rani a Rasha, kuma ba ta da babin alƙalai.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne na tsakiya. A 2008 NATO ta faɗa a Bukares cewa Yukren da Jojiya za su zama mambobi wata rana, ba ta sa rana ba. Bayan wata huɗu Rasha ta yaƙi Jojiya. A 2009 Turai ta ƙirƙiro wa ƙasashe shida shirin Ƙawancen Gabas, mai ɗauke da dokoki masu yawa amma babu alkawarin shiga. Armeniya ta gama tattaunawa, sai a Satumbar 2013 ta juya ta bi Mosko. Shugaba Viktor Yanukovych na Yukren ya yi haka a Nuwamba, jama'a suka cika dandalin Maidan na birnin Kiyef, ya gudu a Fabrairun 2014, Rasha ta haɗiye Kirimiya a watan Maris. Matsayin 'yar takara da Yukren ta daɗe tana nema bai samu ba sai a Yunin 2022, wata huɗu bayan tankokin Rasha sun nufi Kiyef. Jojiya ta samu nata a Disambar 2023, amma gwamnatinta ta kafa irin waccan doka ta wakilan ƙetare a 2024, sannan ta ce ta jingine maganar shiga har ƙarshen 2028, duk da cewa tsarin mulkin ƙasar ya wajabta neman shigar.

Moldoba, wadda aka ba ta matsayin takara rana ɗaya da Yukren, ta kai maganar gaban jama'a a Oktobar 2024: a rubuta shiga Tarayyar Turai cikin tsarin mulki ko a'a. Gwamnatin shugabar ƙasa Maia Sandu ta yi zargin an shigo da kuɗi daga Rasha ana sayen ƙuri'a, Mosko ta musanta. Da aka fara ƙirga na cikin gida, masu cewa a'a ne a gaba har tsakar dare. Sai da akwatunan ƙetare suka iso, na 'yan ci-ranin da ke aiki a Italiya da Jamus da Faransa, sannan masu cewa e suka haura kashi 50 da ƙyar, da ratar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.